Sunan da Goggo Asta Ba Ta Faɗa

Unguwar Yelwa, Yola,
9 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga Dada Basma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da ɗan baƙonmu. Yaya sanyin Gembu? Yaya gwiwar taki? Haladu direba ya ce ya gan ki cikin rigar sanyi har biyu kina yi wa surukinki faɗa a kan itace, sai na san kin warware. Tun da kin ce idonki ba ya son rubutun waya, ga takarda nan, kuma kin jawo wa kanki, don kin san tsohon hedimasta ba ya gajarta magana.

Ni lafiya ƙalau, in ban da cikina da ke ƙorafi a kan girkin mai shayin bakin masallaci. Kin tambayi aikin da na samu wanda ya hana ni biyo ki. To bari in faɗa miki dalla-dalla.

Akwai wata yarinya 'yar Numan, sunanta Peculiar. Ba ta wuce sa'ar Basma ba. Tana karatu a Mubi lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga, ta yi kwana uku a daji da ƙafa kafin ta iso Yola, goye da ɗan wata mata da ba ta ma sani ba. Tun daga lokacin ta buɗe shafi a intanet mai suna Ina Namu, inda take rubuta sunayen waɗanda suka rabu da danginsu a wancan gudun. Sunaye dubu ɗaya da ɗari tara ne a ciki. Ofishinta ɗaki guda ne a saman wani kyamis a Jimeta, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Ni ta ɗauke ni in riƙa yi mata tafinta da Fulatanci. Bappa take kirana, kuma tana aika ni kamar ɗan firamare, ni kuwa ina tafiya ba musu.

Mutane kan sami shafin ne ta injin binciken nan da ke cikin kowace waya. Mutum ya rubuta sunan ɗan'uwansa da garinsu, sai injin ya jero masa shafuka, Ina Namu kuwa kullum yana cikin na sama. Da haka aka haɗa iyali sama da ɗari. To watan jiya masu injin suka canza ƙa'idar da suke bi wajen jera shafukan. Ba su yi shawara da kowa a Jimeta ba, kin dai sani. Aka wayi gari shafinmu ya gangara can jeri na bakwai. Ke faɗa min, wa kika taɓa gani ya kai jeri na bakwai? Ni ko na biyu ban taɓa buɗewa ba.

Peculiar ta yi min bayani har sau uku kafin ya shiga kaina. Wai yanzu injin ba ya son shafin da yake dogon jerin sunaye kawai ba wani bayani, yana ɗaukarsa shara. Ga shi kuma wasu marasa tsoron Allah sun kwafe jerin namu sun liƙa a nasu shafin, sun cika shi da tallan maganin ƙiba, sai injin ya kasa gane wane ne na asali.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wannan. Injin yana nuna wa mai shafi kalmomin da mutane suka rubuta aka jero musu shafinsa, ko sun buɗe shi ko ba su buɗe ba. Akwai wani, ba mu san ko wane ne ba, da yake rubuta abu ɗaya duk ranar Juma'a, kusan shekara biyu ke nan: Zubair Bakari, Wuro Sambo, Mubi, 2014. A da yakan shigo ya duba jerin ya fita, don babu wannan sunan a cikinmu. Yanzu ko ƙofarmu ba ya gani. Peculiar ta ce mutumin da bai gaji ba Juma'a ɗari, ita ba ta da bakin cewa ta gaji. Ina son yarinyar nan, Dada Basma, irin son da nake yi wa ɗalibin da ya fi ni ƙwaƙwalwa.

Ki gaishe min da Basma da mijinta. Ki shafa min kan jaririn, ki gaya masa kakansa na nan tafe, kada ya ƙwace min mata kafin in zo.

Mijinki,
Jibrilla.

Unguwar Yelwa, Yola,
13 ga Agusta, 2023.

Dada Basma,

Sallama da gaisuwa. Na karɓi saƙonki da yajin da kika aiko, Allah ya saka da alheri. Ina fata zazzaɓin jaririn ya sauka. Nan ruwa ake ta yi, Binuwai ta cika har masu shinkafa a Njuwa sun fara kwana da fargaba.

Yau labarin da zan ba ki da kunya a cikinsa, kuma kunyar tawa ce.

Da farko dai wani mai gyaran kwamfuta, Danny, ya zo ya ce shi zai mayar da mu sama cikin mako guda. Dabararsa ita ce a maimaita kalmomi sau ɗari-ɗari da farin rubutu a kan farin shafi, yadda injin zai gani mutum ba zai gani ba, sannan a sa shafukan caca su riƙa nuno namu. Ni har na fara gyaɗa kai. Peculiar ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Ta ce ba za ta rataye sunayen mutanen da iyayensu ke kuka a ƙofar gidan caca ba, kuma ranar da injin ya gano, korarmu zai yi gaba ɗaya. Danny ya ce ta cika taurin kai. Ta ce ta ji, ta ba shi ruwan leda, ta raka shi har matakala.

Nata tsarin mai wahala ne. Kowane mutum a ba shi shafinsa shi kaɗai, a rubuta labarinsa cikakke: ƙauyensu, inda aka rabu, kayan da ke jikinsa, da Hausa da Fulatanci da Turanci. A rage nauyin hotuna yadda ƙaramar waya za ta buɗe ko a ina. Shafi dubu ɗaya da ɗari tara ke nan, mu biyu. Na ce mata sai dai jikokina su ƙarasa. Ta miƙo min tarin tsofaffin takardun rajista, ta ce in fara kafin jikokin su girma.

A cikin takardun ne na ci karo da wasu guda talatin da ɗaya waɗanda ba a taɓa sa su a shafin ba, saboda gurbin sunan wanda ya ɓata babu komai. Mai rajistar, wata 'yar hidimar ƙasa mai suna Endurance, ta rubuta a gefe cewa uwar ta ruɗe, ba ta tuna sunan ɗanta ba. Baiwar Allah ta yi iya saninta, ba 'yar nan ba ce. Amma ni fa? Sau biyu takardun nan suka ratsa hannuna a baya ban tsaya ba. Sai ran nan na lura duk matan Fulani ne, kuma duk 'ya'yan fari ne. Ke kanki shekara talatin da biyar ban taɓa jin kin kira sunan yayan Basma ba, ko ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Matan nan ba mantawa suka yi ba, kunyar ɗan fari ce ta riƙe musu baki.

Ɗaya daga cikin takardun ta wata Asta ce, daga Wuro Sambo, ƙauyen nan da mai binciken Juma'a ke rubutawa. An kashe mijinta, ɗanta mai shekara tara ya ɓace a hanya. Sunan mijin ma babu, kin san dalili.

Na yi wa Peculiar bayani. Sannan ta tambaye ni ko yaro mai shekara tara a gidan Fulani ya san sunan uwarsa. Na ce da wuya, Dada kawai ya sani, wato Inna. Ta ce to ashe shi ya sa mai Juma'a yake rubuta sunan kansa, ba shi da wani sunan da zai nema. Ni ban kai can ba, wallahi. Ni na san al'adar, ita ta ga abin da ke bayanta.

Muka bi sawu har Namtari, inda Goggo Asta ke noma 'yar gonar aro. Mace ce siririya, ba ta da yawan magana. Na yi zaton Peculiar za ta matsa mata, kamar yadda 'yan boko kan yi. Ko kusa. Tun a keke ta tambaye ni yadda ake yi ba a ci mutuncin mutum ba, kuma ta bi abin da na faɗa tiryan-tiryan. Muka zauna da maƙwabciyarta, na ambaci sunan nan biyu, Zubair Bakari, kamar ina hira da maƙwabciyar. Goggo Asta ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki. Mun fi rabin awa muna jira. Da ta fito, Peculiar ta sa na tambaye ta ko ta yarda a rubuta. Ta ce a rubuta, ai ba bakinta ne zai faɗa ba.

Sai dai akwai matsala. Goggo Asta ta ce da zarar ta cire gyaɗarta za ta koma wajen danginta a Kamaru, wani ƙauye da ko waya ba ta shiga. Ta gaji da jira a ƙasar da ba ta da kowa. Watanni biyu da 'yan kwanaki ke nan a hannunmu. Ki taya mu da addu'a.

Ki gaida mutanen gidan duka.

Naki,
Jibrilla.

Yola,
1 ga Oktoba, 2023.

Dada Basma,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na ji kin ce wa Haladu wai na yi sabuwar amarya mai suna kwamfuta. Ki kwantar da hankalinki, ba ta iya ko dama kunu ba.

Mun rubuta shafin Zubair tun washegarin zuwanmu Namtari. Ni a zatona shi ke nan, Juma'a mai zuwa zai gani. Ashe masu wannan sunan sun fi ɗari: akwai ɗan ƙwallo, akwai mai sayar da waya, akwai wani da ya taɓa neman kansila ya cika duniya da hotunansa. Duk suna gabanmu. Peculiar ta ce injin yana so ya ga mutanen kirki sun shaide ka kafin ya ɗaga ka, wato shafukan da aka yarda da su su riƙa nuno naka. Sai ta ɗauki jaka ta shiga gari. Ta je cocinsu, ta je kwamitin babban masallaci sanye da gyale, ta je gidan rediyo sau biyar ana ce mata manaja ya fita, ta je wata kwaleji. Ba ta roƙi komai ba sai layi ɗaya a shafinsu. Da rana yawo, da yamma rubutu, ba ji ba gani. Takalminta ya tsinke a Vinikilang ta ƙarasa da silifas ɗin aro.

Muka tashi daga jeri na bakwai zuwa na biyar, muka kai na uku, muka tsaya cak. Sannan abin da nake tsoro ya faru. Juma'a uku a jere mai binciken bai rubuta komai ba.

A nan na yi abin da ba na alfahari da shi. Na ɗaga mata murya. Na ce gyaɗa ta kusa nuna, yaron ya fara fid da rai, ita tana nan tana tsabtar hannu. Na ce a kira Danny, mako guda kawai muke bukata, in injin ya kore mu daga baya ya daɗe bai kore mu ba. Ba ta mayar min da zafi ba. Ta ce ta san Zubair ne a raina, ita ma haka, amma akwai mutum sama da dubu ɗaya da ɗari tara a bayansa, kuma kowannensu yana da mai nemansa. Idanunta sun yi ja, amma ba ta janye ba. Na tafi gida ina fushi, na ƙi zuwa aiki kwana biyu kamar yaron da aka hana alewa.

Ran da na koma, na tarar masu injin sun sake taɓa ƙa'idarsu. Wannan karon masu dabara irin ta Danny suka share. Shafin masu maganin ƙiba ya ɓace ɓat. Namu kuwa, da labaransa cikakku da shaidar coci da masallaci da rediyo, ya hau jerin farko. In ka rubuta kalmomin mai Juma'a, mu ne na biyu daga sama. Da mun bi shawarata, da yanzu muna cikin sharar. Na ba ta haƙuri a tsaye, hula a hannu. Ta ce Bappa ya zauna, akwai shafi goma sha biyu da ke jiran Fulatanci.

Yanzu ƙofa a buɗe take, mai ƙwanƙwasawa ne babu. Goggo Asta ta ce saura mako biyu ta fara cira. Ba na iya cin abinci sosai, ba kuma laifin mai shayi ba ne wannan karon.

A gaida Basma. Ki daina fita da sassafe cikin raɓa.

Ni ne,
Jibrilla.

Unguwar Yelwa, Yola,
22 ga Oktoba, 2023.

Dada Basma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta sama, bayan an sauko daga masallaci, wayar ofis ta yi ƙara. Muryar saurayi ce, Hausarsa ta koma irin ta kudu, Fulatancinsa ya yi tsatsa. Ya ce daga Lafiya yake kira, ɗinki yake yi. Wayarsa ce ta faɗa ruwa, shi ya sa aka daina ganinsa, ranar ma ta maigidansa ya ara. Ya ce ya rubuta abin da ya saba rubutawa, ba don yana sa rai ba, sai ya ga sunansa da na ƙauyensu a sama. Ya karanta sau huɗu kafin ya iya danna lambar.

Ni har na miƙe zan yi kabbara, Peculiar ta ɗaga min hannu. Ashe tun a Namtari akwai abu guda da ta ƙi sawa a shafin da gangan, saboda 'yan damfara: sunan saniyar da aka ba yaron ranar sunansa. Ta sa na tambaye shi. Bai ko ja numfashi ba ya ce Wule, ya ƙara da cewa ƙahonta na hagu a karye yake. Wannan ko mu ba a gaya mana ba. Da maƙwabciya ta kai wa Goggo Asta maganar ƙahon, aka ce ta zauna a ƙasa cikin gonar.

Jiya ya iso. Muka tarbe shi a tashar Jimeta, dogo, siriri, da jaka guda. A hanya ya gaya min wani ɗan tireda ne ya tsince shi a gudun ya tafi da shi kudu. Duk ofishin da ya je neman taimako, tambayar farko sunan mahaifiyarsa, in ya ce bai sani ba sai a ɗauke shi maƙaryaci. Ya ce a shafinmu ya fara sanin sunanta, yana da shekara goma sha takwas. Peculiar tana gaban keken, ba ta juyo ba, amma na ga tana goge fuska da bakin gyale.

Mun tarar da Goggo Asta a tsakar gida tana tsinke gyaɗa, buhunan tafiya uku a jingine da bango. Yaron ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa. Ta ɗago ido sau ɗaya, ta mayar kan gyaɗar. Ba ta tashi ba. Ta ce wa maƙwabciyarta a kawo wa baƙi ruwa. Can ta ce min in tambayi wancan ko ya ci abinci. Na tambaye shi, ya ce ya ci, na mayar mata, alhali taku biyar ne tsakaninsu. Gyaɗar kuwa sai zubewa ƙasa take daga hannunta, tana tsincewa.

Peculiar ta kasa jurewa. Ta ja ni gefe ta tambaye ni ko dai ba shi ba ne, ko kuwa uwar fushi take yi. Na ce mata shi ne, kuma mu ne muka yi yawa a gidan. Yarinyar da ta yi wata huɗu tana fafatawa da injin da ya fi ƙarfin gari guda, nan take ta ɗauki jakarta ta yi sallama, ba ta nemi ko hoto ɗaya ba. Wannan ya fi komai girma a idona.

Muka fita, maƙwabta ma suka watse. Har mun kai bakin hanya na tuna na bar hulata a kan tabarma. Na koma a hankali. Kafin in yi sallama na hango su ta ɓular zana. Ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta, ƙaton saurayi, ƙafafunsa sun zarce tabarmar. Tana shafa kansa, tana duba bayan kunnuwansa, tana buɗe tafin hannunsa tana kallon kowane yatsa kamar yau ta haife shi. Hawaye kawai ke sauka a kan sumarsa. Na juya da sanɗa. Hular tana can, na bar musu.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, ko Peculiar. Ke kaɗai na faɗa wa, don na san ke ce za ki gane.

Ki gaishe da Basma da maigidanta, ki sumbaci jaririn. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya mayar wa kowa nasa.

Mijinki mai kewarki,
Jibrilla Hammawa.